Igiyar Shanyar Hasiya

Asabar, 5 ga Yuli, da hantsi

Bismillahi. Littafin makarantar 'yata Humaira ne wannan, na juya shi ta baya inda ba ta rubuta komai ba. Ni Ukasha rabona da dogon rubutu tun aji biyar, ranar da ni da malamin lissafi muka ga dole ɗayanmu ya bar makarantar, shi kuma yana da iyali.

Ranar Alhamis bayan la'asar hadari ya taso daga gabas. Matata Hasiya tana kan tuwo, ta ce wa Humaira ta je ta kwashe shanya. Tsawa ta faɗa wa ƙarfen sabis da ke bayan gidanmu, wanda nake gadi shekara shida ke nan. Ta biyo igiyar shanya. Yarinyar tana riƙe da zanen uwarta.

Tana asibiti a Tudun Wada. Tana numfashi. Iyakar abin da likita ya ce ke nan, wannan kuwa ni ma na gani da idona.

Igiyar shanyar ba igiya ba ce. Jar waya ce mai kaurin ɗan yatsa, baki ɗaya a ƙafar ƙarfen, ta haye katanga, ɗaya bakin a jikin turken rumfarmu. Jiya 'yan sanda suka zo suka tambayi inda aka samo ta. Hasiya ta dawo ɗaukar kaya ke nan, ta ce Jibrin ne ya ba Malam. Jibrin shi ne ma'aikacin kamfani da ke zuwa duba ƙarfen duk wata. Ba ta yi ƙarya ba, abin da na gaya mata ne ta faɗa. Aka juyo aka dube ni. Na gyaɗa kai.

Da yamma suka tare motarsa a Burumburum.

Kai ne dai. Na sha gyaɗa shi a wurin wa'azi ban ji abin da aka ce ba.

Lahadi, 6 ga Yuli, bayan asuba

Tana nan.

Lahadi, bayan azahar

Sabis ya ɗauke tun ranar. Duk mai son kiran waya sai ya hau tudun bayan makabarta ya ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Hanyar tudun ta ƙofar gidana ta bi, saboda haka jaje ba ya yankewa. A yi mini sannu, a tsine wa Jibrin, a wuce a kira Legas.

Bafillatanar da Hasiya ke sayen nono a wurinta ta kawo madara a ƙwarya tun daga ruga. Ta ce a shafa mata, a ba ta ta sha, maganin tsawa ke nan tun iyaye da kakanni. Na kai. Ma'aikaciyar jinya ta ce ba a shafa komai, ba a ba ta komai. Na zauna a gindin darbejiyar asibiti na shanye, don kada a mayar wa baiwar Allah da ƙwaryarta cike.

A majalisa wani tsoho ya ce su a zamaninsu tsawa ba ta faɗuwa haka nan, ɓarawo take nema. Sai ya ankara ina zaune, ya shiga tari. Ban ji haushi ba. Idan ɓarawo ta zo nema, da taku ashirin kawai ta kuskure. Ina zaure lokacin.

Talata, 8 ga Yuli, da safe

Bari in rubuta maganar kuɓewa, tunda littafi ba ya juyowa ya dubi mutum.

Filin da ke cikin katangar ƙarfen nan gonar mahaifina ce kafin kamfani ya karɓe shi haya. Baƙar ƙasa, a nan muke zubar da tokar gida da kashin awaki tun ina yaro. Da suka gama kafa ƙarfe sai suka malale shi da tsakuwa. Jibrin ya ce dokar gwamnati ce, ko ciyawa ba a son ta fito a ciki, aikina in na ga ta fito in cire. Damina biyar ina zaune a kan benci ina kallon ƙasar nan tana kwance ba ta haifar komai. Wanda bai taɓa riƙe fartanya ba ba zai gane ba. Kamar ka zauna gaban tuwo ne a ce maka gadinsa za ka yi.

Bana, da Jibrin ya zo zuwansa na farkon Yuni ya tafi, na ture tsakuwa a lungun bayan ɗakin janareta, inda ba ya leƙawa. Kunya uku kacal. Na ce kafin ya gani ta yi 'ya'ya, in cika masa leda, mu yi dariya.

A kunya ta biyu fartanya ta maƙale. Na zaci saiwa ce. Na ja, sai ga jar waya, tsirara, ba roba a jikinta, tana ta fitowa kamar ba za ta ƙare ba. Na taɓa da bayan hannu, ba ta ja ni ba. Sai na yi tunanin injiniyoyi irin namu na aji biyar: wayar da ba wuta a jikinta ba ta da aiki, ragowar masu gini ce suka binne don ƙyuya.

Hasiya kuwa ta kai wata biyu tana mita igiyar shanya ta ruɓe, akuya ta cinye rabi. Na ɗora wayar a kan dutse, gatari sau uku. Ɗaya bakin ma ban sha wahala ba, na tarar an ɗaure mini shi da noti a ƙafar ƙarfen, tamau. Na ɗaga ta ta kan katanga na kai turken rumfa. Na ce wa Hasiya ga igiyar da jikokinta za su gada.

Ta dube ta, ta dube ni. Ta ce, "Malam, kayan kamfani fa ba a taɓawa."

Na ce Jibrin ne ya ba ni. Haka nan ta fito, ko tunani ban yi ba. Irin ƙaryar da magidanci ke yi don a bar shi ya ci tuwonsa lafiya.

Akwai saura. Ranar Juma'a da sassafe, kafin 'yan sanda su zo, na dawo daga asibiti na ce zan ɗauko bargo. Na tuge kuɓewar na watsa wa awaki, na mayar da tsakuwa, na daddale da ƙafa. Sannan na ɗauki bargon.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan la'asar

Ta buɗe ido.

Hannun dama a naɗe yake tun daga yatsu har kafaɗa. Na ce mata ta tashi hakanan, tuwon uwarta ya kusa kashe ni, ba mai cetona sai ita. Kullum in na faɗi irin wannan sai ta ce kai Baba. Yau bakina ta yi ta kallo. Na maimaita da ƙarfi, har matar gadon kusa ta yi dariya. Ita bakina take kallo.

Likita ya ce a jira, wani lokaci kunne yakan dawo.

Alhamis, 10 ga Yuli, da hantsi

Mako guda. Koko cokali huɗu.

Daga tashar mota zuwa asibiti, hanya mafi kusa ta gaban ofishin 'yan sanda ta bi. Na bi ta kasuwa.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan sallar Juma'a

Ina zaure sai ga wani dattijo ya yi sallama, farin gemu, rigar duk ƙurar hanya. Ya ce shi ne Malam Zakariyya, mahaifin Jibrin, daga Badafi ya taso. Ya girme ni da shekara ashirin ko fiye. Na shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi hawa, ya durƙusa a ƙasa. Ya ajiye ƙwan zabi a ƙulle cikin tsumma, ya ce a dafa wa mara lafiya.

Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi jiki, ya yi addu'a. Sannan ya ce ya je ya ga ɗansa. Yaron ya rantse masa da Alƙur'ani bai ba kowa waya ba, bai ma san an tone ta ba. Ya ce shi da ya haife shi bai taɓa kama shi da ƙarya ba, amma ɗan Adam in ya ji tsoro ba abin da ba ya faɗa, kuma ba zai zo gidan da aka yi wa wannan ɓarna ya ƙaryata masu gida ba. Ya ce matar Jibrin cikinta ya tsufa, yau ko gobe.

"Malam Ukasha, ba don shi ba, don furfurar nan. Ka yafe masa."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Maganar ta zo har kan harshe. Sai na ji motsin maƙwabta a bakin ƙofa, sun zo ganin uban mai laifi.

Na ce na yafe.

Ya yi ta sa mini albarka. Na raka shi har bakin titi, na tsayar masa da mota. Mutane suna cewa Ukasha akwai haƙuri. Duk garin nan ba wanda ya taɓa yafe wa wani laifin da shi ya yi sai ni. A wannan dai na zo na ɗaya a aji.

Asabar, 12 ga Yuli, da safe

Ba na iya cin ƙwai.

Litinin, 14 ga Yuli, bayan azahar

Mai unguwa Ɗayyabu ya aiko na je. Ya ce ranar Alhamis ma'aikatan gwamnati masu kula da waɗannan ƙarafa za su zo bincike, in kasance a wurin da mabuɗi, kuma in sa riga mai kyau kada in ba gari kunya. Ya ce shi abin da yake so su gyara sabis. Mai cirar kuɗi da na'ura ya tattara ya koma Burumburum, masu sayen barkono ba su san farashi ba, jiya mace ta yi naƙuda sai da aka tura babur don ba a iya kiran mota.

Na ce ranka ya daɗe, ai a da ma haka muke haihuwa. Ya ce a da ma haka muke mutuwa. Ya fi ni gaskiya.

Na bi ta kasuwa.

Laraba, 16 ga Yuli, da yamma

An kwance hannun an sake naɗewa. Ban shiga ba. Hasiya ce ta riƙe ta. Da ta fito ta wanke fuska a famfo ta daɗe tana wankewa.

Ta ce in Allah ya yarda sai ta tsaya gaban alƙali ta kalli idon Jibrin. Ta ce duk zuwan da yake yi ita ke aika masa da fura.

Na ce Allah ya kyauta.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan magariba

Sun zo da hantsi, mota fara. Maza biyu da mace ɗaya, ashe macen ce babba. Injiniya suke ce mata. Ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba, da hular kwano a kan mayafi. Ta gaishe ni da kyau, ta tambayi jikin yarinya kafin ta tambayi komai.

Ashe ƙarfen nan da nake gadi dokoki gare shi kamar matar liman. Sun miƙa igiyar awo daga ƙafarsa zuwa bangon ɗakinmu, ta ce mita bakwai, doka kuwa goma ta ce mafi ƙaranci. Ta rubuta. Ta ɗaga kai ta tambayi jar fitilar da ke can ƙoli, ta jirgin sama, yaushe rabon da ta kama. Na ce tun kafin azumi. Ta rubuta. Fenti ja da fari ya koɗe, ta rubuta. Allon da ke bakin ƙofa ta ce dole a ce akwai lambar da za a kira in wani abu ya faru, rana ta cinye lambar. Ta tambaye ni ko na san abin da aka rubuta a sauran allon. Na ce ranki ya daɗe, shekara shida muna tare da shi, kalma ɗaya na iya, ita ma don an zana ƙoƙon kai a gefenta. Mazan suka yi dariya. Ita ba ta yi ba, ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa zaunar da ni ya yi mini bayani da Hausa. Na ce an nuna mini inda ake kashe janareta. Wannan ma ta rubuta.

Mutanen gari suna bakin ƙofa. Duk abin da ta rubuta sai mai unguwa ya juya ya sanar, a yi kabbara ƙasa-ƙasa. Ni ma raina ya ɗan yi sanyi, ba zan ɓoye ba. Na ce ashe laifin da yawa, nawa ɗaya ne a cikin taro.

Sai aka zo kan wayar.

Ta nuna mini wani tsinken ƙarfe a can sama, ta ce wannan an sa shi ne musamman don tsawa ta faɗa masa, gayyatarta yake yi. In ta faɗa sai ta gangaro ta shiga jar wayar nan, wayar ta kai ta cikin ƙasa, ƙasa ta shanye. Ta ce a shekara shida ta yiwu ta faɗa sau goma muna barci ba mu sani ba. Wayar ba ta da wuta kullum, sai na daƙiƙa ɗaya, kuma don wannan daƙiƙar aka yi ta.

Wato hanya aka yi wa tsawa zuwa ƙasa, ni na ɗauke hanyar na kai ta tsakar gidana.

Suka tona inda aka yanke. Ta ce an binne ta kusa ƙwarai, taƙi ɗaya, doka ta ce ya fi kamu guda zurfi. Ta rubuta. Ta ɗauki guntun bakin ta juya shi a hannu. Ta ce wa na kusa da ita ma'aikaci da almakashin ƙarfe yake yanka, wannan kuwa sara ne, har sau uku. Ta ce kuma duk wanda ya san aikin wayar nan, ko mahaukaci ne ba zai ɗaura ta a rumfar mutane ba.

Ta tsuguna ta ture tsakuwa da biro. Wata 'yar kuɓewa ce ta fito, ganye biyu, irin da ya makara bai tsiro tare da 'yan uwansa ba.

Ta dube ta. Ta ɗago ta dube ni. Ba ta daɗe ba.

"Baba, ni ƙarfe aka aiko ni in duba. Abin da na gani zan rubuta. Wanda ya yi, ba aikina ba ne."

Ta miƙe ta kaɗe gwiwa. Da za su tafi ta ce Allah ya ba yarinya lafiya.

Juma'a, 18 ga Yuli, da safe

Ban je masallaci da wuri ba. Na tsaya sahun baya kusa da takalma.

Asabar, 19 ga Yuli, bayan la'asar

Ni da na zaci rubutun Injiniya zai sauƙaƙa wa Jibrin. Mai unguwa ya dawo daga Tudun Wada da labari. Gwamnati ta rufe ƙarfen har sai an gyara komai, ta kuma ɗora wa kamfani laifi. Kamfani ya juya ya nemi wanda zai ɗora wa. Duk takardar duba ƙarfen nan ta wata-wata hannun Jibrin ne a kai, fitila da fenti da waya, ya sa hannu cewa lafiya. Mai unguwa ya ce yaron ya ce ya sha rubuta musu maganar fitilar ba su kawo ba, amma wa zai saurare shi yanzu. Sun kore shi. Sun ce shi ya tone wayar don ya sayar, ya bar wa maigadi guntu toshiyar baki. An hana beli. Ranar Litinin ta sama, ashirin da takwas, za a kai shi kotu, ni ne babban shaida.

Na ce ashe na samu ƙarin girma.

Mai unguwa ya ce kuma matar Jibrin ta sauka ranar Alhamis, namiji. Ya faɗa ne kamar yadda ake cewa an yi ruwa a Doguwa.

Lahadi, 20 ga Yuli, da hantsi

Kunnen dama ya fara jin ƙarar faranti in ya faɗi. Na hagu shiru. Yatsu biyu suna motsi.

Na bi ta kasuwa. Masu tumatir sun fara gaishe ni da suna.

Talata, 22 ga Yuli, bayan azahar

Ta fara magana sosai. Da yake ba ta jin kanta, da ƙarfi take yi, kamar mai kiran wani a gona. Ba wanda ya gaya mata.

Hasiya ta fita ɗebo ruwan zafi. Humaira ta yafito ni da hannun hagu, na matsa. Ta kawo bakinta kusa da kunnena, ta kare da tafin hannu, ita a ganinta raɗa take yi. Duk ɗakin sai da ya ji.

"Baba, Inna ta ce an kama Jibrin. Ni ban gaya mata ba. Kada ka damu, ba zan gaya wa kowa ba."

Matan da ke jinya suka juyo, ba su san kan zancen ba, suka koma harkarsu.

Ita ta miƙo mini gatarin ranar. Ita ta riƙe wayar ta wancan gefen katanga ina ja. Ban rubuta wannan ba ranar da na rubuta maganar kuɓewa. Ban manta ba ne, na dai tsallake.

Ta dafa hannuna tana lallashi, irin yadda nake mata tana ƙarama in ta fasa kwano kafin uwarta ta gani. Shekararta goma sha shida. Hannu ɗaya, kunne rabi, kuma na ƙara mata da dakon wannan.

Na ce mata zan je in sayo lemo. Ba ta ji ba. Na fita.

Laraba, 23 ga Yuli, da safe

Ban je asibiti ba. Na ce ciwon kai.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan la'asar

Yau suna a Badafi. Ban san wa ya yi wa jaririn huɗuba ba. Kakansa, ina ji.

Hasiya ta dawo gida yin wanki, ƙanwarta ta karɓe ta a asibiti. Tun ranar ba a sake ɗaura igiya a gidan nan ba, a kan dangar awaki take shanya. Na tsaya a bayanta tana matse riga. Na shirya magana tun safe, da gabatarwa, har da ɗan abin dariya a farko don a sassauta. Da na buɗe baki duk suka gudu. Na faɗa mata a tsaye, tun daga kuɓewa har bargo.

Ba ta juyo ba sai da ta gama matse rigar ta shanya ta gyara mata hannuwa.

Ta tambaya ko Humaira ta sani. Na ce ita ta riƙe mini.

"Ranar da na ba ɗan sanda sunan bawan Allahn nan, kana ina?"

Na ce ina bayanki.

"Ranar da tsohonsa ya durƙusa a zaure, ƙwan da ka aiko mini asibiti, na dafa na ba ta ta ci."

Na ce haka ne.

Na jira ta yi kuka, ko ta zage ni, ko ta ce a kira yayanta. Da ta yi ɗaya daga ciki da na ji daɗi. Ta ɗauraye hannu ta shiga ɗaki. Can ta fito da babbar rigata ta sallah da hula, ta ɗora a kan turmi.

"Motar Tudun Wada ƙarfe bakwai take tashi."

Ba ta ce Malam ba.

Juma'a, 25 ga Yuli, bayan magariba

Ban bi ta kasuwa ba.

Ɗan sandan da ke kan tebur ya zaci ƙarin ƙara na kawo. Sai da na faɗa sau biyu. Ya kira babbansu na faɗa na uku. Aka kawo takarda aka rubuta na huɗu, na sa hannu, da rubutu ba da ɗan yatsa ba, aji biyar ɗin ya yi rana. Babban ya tambaye ni me ya sa sai yanzu. Na ce yallaɓai, hanyar ce da nisa.

Mai unguwa ya zo ya tsaya mini, fuskarsa kamar an aiko masa da mutuwa. An bar ni in tafi gida, in dawo Litinin. Sun ce tawa maganar sai abin da kamfani da alƙali suka ce, akwai ɓarnar kayan kamfani, akwai ba da shaidar ƙarya. Gadi kuwa ba sai an faɗa ba, na miƙa mabuɗi. Jibrin sai an gama takardu, yau Juma'a, ofis ya tashi.

Wato kwana uku kuma. Da jiya na zo da ya kwana a gida.

A mota ba wanda ya yi mini magana. Labari ya riga ni, ba sabis ba komai.

Asabar, 26 ga Yuli, da hantsi

An daina jaje. Masu hawa tudu sun sami wata hanyar.

Hasiya ta aiko ƙanwarta ta ce likita ya ce kunnen hagu ba zai dawo ba. Hannun kuma sai an je Kano.

Litinin, 28 ga Yuli, bayan la'asar

An sake shi wajen sha ɗaya. Ina zaune a benci a waje ina jiran a kira ni, Malam Zakariyya yana ɗaya ƙarshen bencin. Na gaishe shi da na zo, ya amsa, amsa cikakkiya, har da tambayar jikin yarinya. Awa biyu muna kallon tuta.

Jibrin ya fito riƙe da takalmansa a hannu. Ya rame, gemu ya fito masa, wuyansa duk cizon sauro. Kwana ashirin da huɗu. Ya durƙusa ya gaida mahaifinsa. Tsohon ya gaya masa sunan da aka sa wa yaron, ya maimaita sunan a hankali.

Na miƙe. Na cire hula. Na ce Jibrin, sai na rasa kalma ta biyu.

Ya zauna a bakin baranda yana sa takalmi, bai ɗago ba. Na ce ko me zai ce mini ya ce, ko a nan ko a gaban mutane, na cancanta. Na ce zan je kamfani da ƙafata in gaya musu. Ya ce sun riga sun ɗauki wani.

Ya ɗaure igiyar takalmin, ya miƙe, ya karɓi jakar mahaifinsa ya rataya. Sannan ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai.

"Baba, da ka ce mini igiya kake so. Akwai a bayan mota, sabuwa, ba abin da nake yi da ita."

Suka tsallaka titi, yana riƙe da hannun tsohon. Daga ciki aka kira sunana.